Akushin da Ba a Huda Ba

Ƴaƴana, na san abin da aka gaya muku, domin ya zagayo ya dawo kunnena ta bakin jikata. An ce uwarku ta taɓa komawa tsafi, shi ya sa babanku bai zama mai bishara ba, ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin koma a bakin tabkin Madarumfa. Rabin maganar gaskiya ne, saboda ni aka hana shi tafiya makarantar bishara. Ɗaya rabin kuwa ƙarya ce tsagwaronta, waɗanda suka ƙaga ta duk sun riga ni kwanciya, ba zan tashe su mu yi shari'a ba. Zan dai faɗa muku abin da ya faru a shekarar, ku yi hukunci da kanku. Ku kuma sani tun yanzu ba neman gafara nake yi ba. Da za a mayar da ni baya, da na sake yin abin da na yi, har in ƙara.

Ni ba ni da kowa. A shekarar da fara ta cinye hatsi aka tsince ni a gefen hanyar Maradi, ina goye a bayan wata mata da ta riga ta cika. Matan mishan suka raine ni, suka sa mini Saratu. Ban san sunan uwata ba, ban san garinmu ba, tsagen da ke kumatuna kaɗai aka bar mini. Tun ina ƙarama duk baƙon da ya zo shan magani sai na tare shi in ce ya dubi fuskata, ko ya san masu irin wannan tsage. Daga nan tambaya ta zame mini jiki, har na ishi kowa. Wata rana aka karanta mana labarin makahon da aka kawo gaban Yesu. Kowa yana ganin abin da ke damun mutumin, amma Yesu bai taɓa shi ba sai da ya tambaye shi abin da yake so. Na ce wa Baturiyar da ke koya mana, ashe bai sani ba? Ta ce ya sani mana. Na ce to don me ya tambaya? Ta ce in tashi in wanke kwanoni. A wurin wanke-wanken na ba kaina amsa, kuma har yau ban sake ta ba: tambaya girmamawa ce. Wanda ka tambaya ka ɗauke shi mutum, ba ka yanke masa abin da ke cikinsa ba.

Babanku ba haka yake ba lokacin da na aure shi. Sunansa na gida Nomau, na baftisma Iliya, yau hannuna ya rubuta abin da bakina bai taɓa faɗi ba. Ɗan wani ƙauye ne a bayan garin Sarkin Yamma, gidan Anna, wato mutanen da ba su karɓi salla ba, suna riƙe da abin da suka gada. Gyambo ne ya kai shi asibitin mishan, ya warke, ya koma gida da sabuwar bangaskiya da zafin sabon shiga. Ranar yankan gida, kafin shuka, kakanku ya ce ya riƙe jan zakara a gindin jigo, itacen nan mai ƙafa biyu da ake kafawa a tsakar gida ana zuba masa jini. Babanku ya ƙi. Bai tsaya a ƙin ba, ya ce wa ubansa a gaban ƙanne da mata, tsoho da furfura yana durƙusa wa busasshen itace da ko akuya ba ta ci.

A gidansu akwai wata al'ada. In namiji ya mutu, sai a ɗauki akushinsa a huda gindin da jan ƙarfe, don kada ya ƙara riƙe tuwo, a kife shi a ƙarƙashin tsohon rumbu tare da na magabata. Kakanku ya miƙe. Ya shiga ya ɗauko akushin babanku, ya kife shi a jerin na matattu, ya aika a kira maƙeri. Babanku bai jira maƙerin ba, ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ƙara waiwayar garin ba.

Muka yi aure, muka zauna a Madarumfa, inda masu bi kaɗan ne, muna taruwa a wani ɗakin kara. Babanku ya iya karatu, yana da murya, dattawa suka sa sunansa cikin waɗanda za a aika makarantar bishara in an sami wuri. Mutum ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma akwai maganar da ta fi kowace zama a bakinsa, ita ce “na sani.” Ni kuwa abin yana ci mini rai ƙwarai. Ni da zan ba da idona ɗaya in ji muryar ubana, ga mutum ubansa yana nan tafiyar hantsi, yana numfashi, ya ce ba shi da shi.

“Baba shina da rai?” na tambaye shi.

“Shina da rai. Ni ne na mutu.”

“Ka koma ka gani da idonka?”

“In ga mi? Na san gidanmu, Saratu. Na san abin da anka yi.”

A shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya daina kwasar mutane aikin tilas, kasuwanni suka farfaɗo, na fara kai bandar kifi kasuwar da ke kusa da garinsu, ina goye da ke ƴar fari, wadda har yau ban iya kiran sunanki. Ban gaya wa kowa nufina ba. Na tambayi gidan, aka nuna mini. Na iske wani dogon tsoho a gindin itacen bedi yana tufkar igiya, goshinsa da na babanku kamar an tsaga kara. Na durƙusa nesa.

“Sannu da hutawa, Baba. A taimaka mini da ruwa, ɗiya ta sha.”

Bai dube ni ba, ke ya duba. Ya daɗe yana dubanki.

“Kunnuwan ga na gidan nan ne,” in ji shi. “Shi ya aiko ki?”

“A'a, Baba. Bai san na zo ba.”

“To mi kinka zo biɗa?”

“Tambaya na zo yi.”

“Suruka ba ta tambayar suruki. Ba a koya miki ba?”

“Marainiya ce ni, Baba. Babu wanda ya koya mini.”

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in zauna, ya kira a kawo ruwa.

Daga ranar duk kasuwa sai na biya. Ku ji da kyau, domin nan ne aka yi mini ƙage. Ban ci naman yanka ba, ban zuba komai a gindin jigo ba, ban roƙi wani abu ba sai Ubangijina. Zama nake yi ina tambaya. Na tambaye shi don me ja ne zakaran ba fari ba, me yake faɗi in ya zuba jinin, wa ya fara kafa gidan. Wata tambayar ya amsa, wata ya ce ba ta mata ba ce, in ce to, kasuwa mai zuwa in sake ɗauko ta ta wata hanya. A haka na ji labarin kakarku da ban riska ba, yadda take da hannun miya da saurin fushi. Na ji babanku yana yaro tsoron kwaɗo yake yi, kuma in za a yanka akuya sai ya gudu bayan gida ya toshe kunne. Na ji ƴan'uwansa maza da ƙyanda ta kwashe a damina ɗaya, shi kaɗai ya saura namiji, har tsohon ya riƙa kwana da hannu a kan ƙirjinsa yana jin ko yana numfashi. A da in na yi addu'a sai in ce Allah ya shiryi arna, a dunƙule, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Yanzu kuwa sai na iske ina roƙo saboda mutum guda mai tari, wanda na san abin da ya binne. Ban taɓa yin addu'a ta gaske irin ta wannan shekarar ba.

Shi ma ya fara tambayata, yana yi kamar ba ya so.

“Wanga Yesu naku, shina da uba?”

“Shina da, Baba.”

“Ya bar gidan uban?”

“Ya bari. Amma uban ne ya aiko shi.”

“Ya koma?”

“Ya koma.”

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya.

Ke ce kika kai ni ƙarƙashin rumbun. Kin fara rarrafe, kika bi ƴan tsaki kika shige. Na sunkuya in jawo ki, sai na ga akusan a jere a kife. Duk sun yi fari-fari, sun tsattsage, kowane da ramin ƙuna a gindinsa. Na ƙarshe kaɗai ne baƙi wuluk yana ƙyalli. Wata mai kunya da ta yi shiru. Ni na fito na karkaɗe zane.

“Baba, don mi wancan na ƙarshe ke ƙyalli?”

“Ke dai ba ki barin abu shi kwanta,” in ji shi. Can ya ce, “Ɗauko shi.”

Na ɗauko, na juya shi. Gindinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai ƙanshin man gyaɗa.

“Ranar maƙeri ya zo,” in ji tsohon, idonsa a kan igiya. “Ya hura wuta, ƙarhe ya yi ja, na amsa da hannuna. Ina tsaye har ya yi baƙi. Anka sake hurawa, ya sake yin baƙi. Na ce ma maƙeri shi tahi, sai gobe. Goben ce har yau.”

“Man fa, Baba?”

“Icce in ba a shahwa mishi mai ba tsagewa shikai.”

“In hwaɗa mishi?”

“Ni ban aike ki ba. Da ƙahwarshi ya hita, da ita za shi dawo.”

Na kamo hanya ina kuka ina dariya, masu jakai suna kallona. Ina ta juya yadda zan faɗa wa babanku ba tare da ya ji na ci amanarsa ba. Ashe an riga ni. Wani mai bi da ke fatauci ya ga na shiga gidan a ranar da jini bai bushe a jigo ba, ya kai magana. Bayan sujadar Lahadi dattawa suka ce in tsaya. Babban cikinsu Malam Barnaba ne. Ba mugu ba ne, zan yi masa adalci. Shi ma daga irin wannan gida ya fito, da tabon bulala a bayansa, kuma ya ga waɗanda suka je gaisuwa gida ba su dawo ba. Tsoro ne yake magana da bakinsa. Amma a ranar, da a ce na sami muciya kusa, ban san abin da zan yi ba.

“Kin ci naman?”

“Ban ci ba.”

“Kin durƙusa?”

“Na durƙusa ma surukina, kamar kowace ɗiyar kirki.”

“To mi kinka je yi?”

“Tambaya.”

“Mai bi ba shi tambayar duhu. Mun san abin da ke can.”

“Kun san jigo, Malam. Ba ku san tsohon ba.”

Suka ce in yi alkawari a gaban jama'a ba zan sake taka gidan ba. Na ce ba zan yi alkawarin da na san zan karya ba. Aka sa ni ƙarƙashin horo, ba ni cin jibin Ubangiji, wurin zamana bakin ƙofa. Aka kuma ce mutumin da bai iya riƙe gidansa ba ba za a ba shi garke ba, aka cire sunan babanku. Yana zaune a wurin, kansa a ƙasa.

Da muka isa gida na faɗa masa komai, da ƙarfen, da man gyaɗan. Na zaci zai miƙe ya ɗauki sanda. Bai miƙe ba.

“Kin kashe mini hanya saboda akushi.”

“Ba a huda shi ba, Malam.”

“Ya kihe shi gaban mutane.”

“Tahi ka gani. Ka tambaye shi da bakinka.”

“In na tahi yanzu za su ce kin ja ni. Bari a ɗage horon. Bari a yi girbi.”

Bai tambaye ni ko ya tsufa ba, ko yana cin abinci, ko wa ke yi masa noma. Na jira tambaya ɗaya tak, ba ta zo ba. Taurin kan da ya hana uban aikowa shi ya hana ɗan tafiya, jini ɗaya ne, ni ce a tsakiya kamar jakin aro. Na yi fushi da shi fushi mai tsanani, kuma ina tausayinsa, domin na san abin da aka ƙwace masa shi ne abin da ya sayar da gidan ubansa ya saya.

Na ci gaba da zuwa har damina ta kankama, cikin na biyu ya yi nauyi, gulbi ya fara kawo ruwa. Zuwana na ƙarshe na iske kakanku a kwance a kan tabarma, tarin ya cinye shi. Ya ba ni igiyar da ya gama, ya ce in sa wa guga.

“Kin hwaɗa mishi?”

“Na hwaɗa, Baba.”

“Mi ya ce?”

“Ya ce bayan girbi.”

Ya juya kai ya dubi gonar bayan gida. Gero bai wuce gwiwa ba.

“Hatsin bana bai da sauri,” in ji shi.

Gero ya fitar da kai, ba a kai ga yanka ba, aka aiko daga gidan kakanku. Babanku bai nemi izinin kowa ba wannan karon. Muka ratsa ruwa har ƙugu, ni da cikina, amma ko da muka isa an riga an rufe shi. Tun daga ƙofar gida muka ji ƙaurin itace, maƙeri yana huda akushin tsohon. Babanku bai gaida kowa ba. Ƙato da shi ya kwanta rub da ciki ya shiga ƙarƙashin rumbu, ya fito da nasa akushin, ya ɗaga shi sama wajen rana yana neman inda haske zai ɓullo. Bai ɓullo ba. Ya zauna a ƙasa a tsakar gidan, ya yi kukan da ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Ban je kusa ba, domin ba ni da abin da zan ce masa wanda ban riga na faɗa ba.

A hanyar komawa muka yi tafiya mai nisa. Sai da muka hango ruwan tabki ya tsaya.

“Saratu, hwaɗa mini yadda ya ce. Kamar yadda ya hwaɗa, kada ki gyara.”

Na faɗa. Ya ce in sake. Na sake.

Daga baya an ɗage horon, har aka ce ko zai je makarantar, ya ce a ba wani. Ku kun tashi kun san babanku da yawan tambaya, mutumin da in baƙo ya zauna a rumfarsa, Musulmi ne ko Ba'anne ko mai bi, sai ya san sunan uwarsa da abin da ke hana shi barci kafin ya ce masa komai a kan Allah. Kuna jin kunya, kuna cewa Baba ya cika bin diddigi. Ba haka na aure shi ba. A ƙarƙashin rumbun nan ya koya, kuma kuɗin makarantar ya yi tsada.

Amma wanda ya fi so ya tambaya babu shi, sai ni. Shekara da shekaru, muna cin tuwo ko yana ɗinkin koma, sai ya ɗago ya ce, me ya ce a kan inna? Me ya ce a kan kwaɗon? Da ya ce maƙeri ya tafi, dariya ya yi ko kuwa? Ni kuma in buɗe ɗan abin da na tara a zuwan kasuwa na shekara guda in ba shi, in sake ba shi, har ya haddace, ya riƙa gyara mini in na tsallake wani wuri. Ubansa ke nan gaba ɗaya, abin da bakin suruka ya iya ɗaukowa.

A ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu da rana, ya riƙe hannuna. Na ga alama tambayar ta daɗe a cikinsa, tsoronta yake ji.

“Maganar da na hwaɗa mishi gaban ƙannena, ta busasshen icce. Ya taɓa ce miki ya yahe?”

Na bincika kaina kaf, tun daga ranar da na roƙi ruwa har ranar igiyar guga. Na tambayi tsohon launin zakara, na tambayi sunan wanda ya kafa gida, na tambayi mai. Ina iya cewa i, babu mai ƙaryata ni a duniya, kuma Allah ya sani na so in faɗa. Amma shi ya ce kada in gyara.

“Wannan ban tambaya ba, Malam.”

Ya saki hannuna a hankali.

“Ba taki ba ce,” in ji shi. “Ni ya kamata in tambaya.”

Ya juya fuskarsa wajen bango, kunun ya huce a hannuna.